Gidanmu na Bisa

Ranar Alhamis ce, kwana goma bayan mun gama kai gero rumbu, a shekarar da nake aji uku, wadda ita ce shekarata ta ƙarshe a makarantar boko. Ina durƙushe bakin murhu ina hura wuta, hayaƙi ya cika min ido, sai na ji sandar Kaka Ige tana tahowa. Ta taɓa turmi, ta taɓa randa, ta bugi kwanon kaji, sannan ta tsaya a kaina. Ta sa baƙin zanenta na saƙi wanda ba ya fitowa sai da dalili, ta ɗaure ƙugu da tsohon kallabi, a hannunta akwai ƙullin gero surfaffe da wani ɗan dutse mai santsi wanda kullum yake ƙarƙashin gadonta. Ta ce, "Uwale, bar wutan nan. Yau ke ta idona, Bisa za mu." Sunana Luba, amma sunan mahaifiyarta aka sa min, shi ya sa har ta bar duniya bakinta bai taɓa kama shi ba. Inna ta fito daga ɗaki da ƙanena a goye, ta dube ta tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Goggo, da wagga gwiwa taki?" Kaka ta ce, "Gwiwa tawa ta, ba aronta niy yi ba." Daga nan Inna ta juya ta nufi randa. Ta cika min gora da ruwa, ta ba ni tsintsiya da lauje.

Ƙauyenmu yana can bayan Nasarawa Burkullu, inda hanyar mota take ƙarewa ta koma turbar jakuna. Idan ka tsaya a bakin rijiyarmu ka dubi gabas, za ka ga dutse ya tashi shi kaɗai daga cikin gonaki, kansa a baje kamar an yanke shi da wuƙa. Shi muke ce wa Bisa. Can garinmu yake tun farko. Kakannin kakanninmu sun hau ne a lokacin yaƙe-yaƙe, suka kewaye kan dutsen da ganuwar duwatsu, suka bar ƙofa ɗaya tak. Da zaman lafiya ya samu, mata suka gaji da hawa da tulu a ka, sai aka riƙa saukowa gida-gida har sama ta zama kufai. Kaka tana yarinya, ko haƙoranta ba ta gama famfara ba, aka sauko da su.

Amma ba a bar wajen haka nan ba. Duk shekara, tsakanin girbin gero da na dawa, akwai ranar da ake ce wa shara. Kowane gida zai hau ya nemi kufan gidansu, a yanke ciyawa, a share, a mayar da duwatsun katanga da damina ta zubar, a yi wa waɗanda suke kwance a can addu'a. Sannan mace ɗaya daga gidan ta durƙusa ta niƙa sabon gero a ramin niƙan da ke kan falalen dutsen gidansu, a yi gumba a raba wa yara sadaka. Babu rubutu, babu alama. Wanda ya sani shi yake nuna wa na bayansa. Gidan da aka daina sharewa, gamba takan cinye shi, maƙwabta su kwashe duwatsunsa su gyara nasu, shekara kaɗan sai ka ji ana cewa, a nan wajen dai da akwai wasu mutane, an manta ko su wane ne.

Namu ya shekara uku ba a share ba. 'Yan'uwan Kaka maza biyu sun rasu, 'ya'yansu sun watse kudu neman abinci. Baba kuwa mahaifinsa baƙo ne daga Anka, ba shi da kufai a Bisa, ya hau da yana yaro amma ya ce shi duk duwatsun iri ɗaya suke a idonsa. Inna 'yar Gummi ce, ta san shinkafa da kifi da kwalekwale, ko tudun tururuwa ba ta son hawa. Ita kuma Kaka yanar ido ta rufe mata gani, tana ganin haske da duhu, ba ta ganin fuska. Idan ba a gano gidan ba a wannan shekara, ita kanta ta san babu wata shekarar da ƙafarta za ta sake kai ta. Ni ban san wannan ba a lokacin. Abin da na sani shi ne na tsira daga surfe da wanke-wanke da koran awaki daga shanyar wake, na kuma tsira daga Malam mai lissafi da ke sa mu ɗaga hannu sama a gindin darbejiya. Ƙawayena ma duk za su hau, mun riga mun shirya za mu yi carafke a kan falale, don an ce duwatsun can sun fi daɗin kamawa.

Baba ya ɗora ta a jaki ya raka mu har gindin dutse, ya ɗaure jakin a inuwar kanya ya ce zai jira mu a nan, yana da igiyar da zai tufka. Muka fara hawa, ni a gaba riƙe da bakin sanda, ita a baya riƙe da gindinta. Mutane suna ta wuce mu, maza da fartanya a kafaɗa, mata da ƙore a ka, yara suna tsalle daga dutse zuwa dutse kamar awaki. Kowa ya zo sai ya rage murya ya gaishe ta, ita kuma ta gane shi da muryarsa ta tambayi uwarsa. Hanyar ta yi santsi saboda ƙafafun mutanen da, wani wurin ma an sassaƙa matakai. Sau biyar muka zauna. A zama na uku ƙawayena suka wuce suna kirana, na ji kamar in saki sandar. Kaka tana numfashi sama-sama, amma bakinta bai yi shiru ba. Ta nuna min da sanda inda ake ajiye tulu a huta, da inda wata amarya ta taɓa zamewa da ƙwaryar nono har aka sa wa wajen sunanta.

Ƙofar ganuwa ba ta fi faɗin mutum biyu ba. Duwatsun an jera su ne ba laka ba komai, manya a ƙasa ƙanana a sama, kuma ga su tsaye har lokacin, sun fi Baba tsawo. Akwai 'yan ramuka a jiki inda ake leƙen masu tahowa. Na sa ido a ɗaya, sai ga ƙauyenmu can ƙasa kamar an watsa ƙwarya-ƙwarya a tsakar gida, ga garken shanun Fulanin da ke maƙwabtaka da mu kamar farin wake, ga hanyar Bukkuyum ta miƙe ja. Ban taɓa sanin garinmu ƙarami ne ba sai ranar. A ciki kuwa ba abin da ya rage sai da'irar duwatsu inda ɗakuna suke da, da gindin rumbuna, da wani kwarin dutse mai tara ruwan sama wanda ake ce wa Randa. Birai suna zaune can nesa suna kallonmu kamar mu ne baƙi.

Kaka ta dafa ganuwa da hannun hagu, ta ce mu bi ta a haka. Muka wuce Randa, muka wuce filin da ta ce masallaci ne, muka iso gindin wata kuka mai turaku a jiki. Ta shafa kukar, ta ce, "To, diba hagunki. Kin ga dutsi mai tsaga?" Na duba. Yana nan, babban dutse da ya rabe biyu, da 'yar hanya a tsakani. Sai dai gamba ta rufe bakinta, ta fi ni tsawo, kuma a kan ciyawar, daidai inda zan sa ƙafa, ga saɓar maciji fara tana lilo, tsawonta ya kai zanen goyo. Na ja ƙafata da baya. Na dubi dama, sai ga wani kufai a fili, ciyawarsa gajera, da tsamiya mai inuwa, da falalen dutse da ramukan niƙa a kai, kuma daga can ina jiyo dariyar ƙawayena. Na ce a raina, ai ba gani take ba, kuma Baba ma ya ce duk iri ɗaya ne. Na ce, "Na gani, Kaka." Na ja sandar a hankali ina karkata ta dama.

Ta ɗan tsaya, ta ce ba ta ji mun matse a tsaga ba. Na ce ai gefe ɗaya ya faɗi, wajen ya buɗe. Ta ce, "Ikon Allah," ta biyo ni.

Na zaunar da ita a inuwar tsamiya na kama aiki, kuma ban taɓa yin shara mai kyau irin ta ranar ba, ina jin don in rufe bakin zuciyata ne. Na yanke ciyawa, na kwashe kashin awaki da busassun 'ya'yan tsamiya, na mirgino duwatsun da zan iya na jera. Ƙarangiya ta cika min zane. Kaka tana zaune tana faɗa min inda ɗakin mahaifinta yake da inda ake ɗaure akuya, tana nuni da sanda, ni kuma ina cewa e, ga shi nan. Rana ta take tsaka kafin na gama. Na wanke ramin niƙa da ruwan gora, na kamo hannunta na kai ta. Ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta kwance ƙullin gero, ta yi bisimilla, ta sa tafin hannunta a cikin ramin.

Hannun ya zagaya sau ɗaya, ya sake zagayawa. Ta lalubi gefe ta sami rami na biyu, ta ƙara lalube ba ta sami na uku ba. Sai ta mayar da geron cikin ƙulli ta ɗaure. Ta ce, "Wanga ba na Innata na ba. Innata bahaguwa ta. Raminta hagu yac ci." Ba ta ɗaga murya ba. Ni kuwa na tsaya da tsintsiya a hannu.

Ana cikin haka sai ga Tsoho Jaɓɓi ya iso da jikokinsa mata. Taubashin Kaka ne, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna da magana ba. Ya tsaya ya dubi kufan tas, ya dubi duwatsun da na jera, ya kama haɓa. Ya ce, "Ige, ashe dai kin san ubangidanki. Tun da asuba kinka taho yi min bauta?" Kaka ta ce, "Tausai niy ji, na san ɗiyan gidanku ba su iya riƙon tsintsiya ba." Ya ce to ta ƙarasa ladanta ta niƙa masa gumbar. Ta ce ramin gidansu ko kaza ba ta sha ruwa a ciki ba don ƙanƙanta. Jikokinsa suna ta dariya, shi ma yana yi, har ya lura da fuskata, sai ya daina. Ya ce zai sa a kai mu. Kaka ta ce a'a. Shi kansa, in ji ta, abin da ya sani bai wuce cewa gidan yana bayan tsaga ba, kuma bayan tsaga kufai ya fi goma. Ta miƙo min bakin sanda.

Na ɗauka duka zan sha, ko a kai ƙarata wajen Inna. Ba ta yi ko ɗaya ba. Da muka yi nisa da mutane ta tambaye ni abin da na gani a bakin tsaga, na faɗa mata ina kuka. Ta ce, "Mai rigar ya tuɓe ya yi gaba, ke kina tsoron riga." Sannan ta ce abin da har yau yake kunnena: "In kin ji tsoro, ki ce kin ji tsoro. Kar ki ce kin gani." Ta ce mu koma ƙofa mu faro daga farko, don ita a ƙafa take riƙe da hanya, in an karkatar da ita sau ɗaya sai ta warware duka.

Lokaci kuwa ya tafi. A Bisa ba a kai la'asar, saboda saukowa ta fi hawa wuya, kuma kowa so yake ya yi salla a ƙasa. Wasu har sun fara ɗaukar ƙorensu. Ƙafar Kaka ta kumbura, ruwan gora saura kaɗan, rabinsa na zubar a ramin mutane. Muka koma ƙofa, ta dafa ganuwa da hagu, ta sa ni ina faɗin kowane abu da baki. Randa. Masallaci. Kuka mai turaku. A bakin tsaga ta karɓi laujen, ta ba ni sandarta, ta ce in riƙa dukan ciyawa ina tafiya, ita za ta riƙe bakin zanena. Na shiga ina duka ina karanta duk surar da na iya, har da addu'ar cin abinci. Gamba tana yankar min fuska. Wani abu ya yi fur ya tashi, na ƙwalla ƙara, ashe fakara ce. Tsagar ta matse mu sai da muka bi ta a karkace, kafaɗa na gogar dutse, na ji Kaka a bayana ta ce, "Yawwa. Haka shike."

Bayan tsaga ta ce in ƙirga taki tara in nufi inda rana za ta faɗi. Babu komai a wajen sai ciyawa da ƙasa. Katangar ma rabinta babu. Ta durƙusa ta riƙa bubbuga ƙasa da gindin lauje har ƙarar ta sauya, ta ce in tona a nan. Na sa hannu na yi ta yaye ƙasa da saiwoyi, farcena ya karye, sai ga baƙin falale ya fito, sai ga bakin rami. Na kwashe ƙasar ciki, na sami na biyu, na sami na uku ɗan ƙarami a gefe. Ta sa hannu a babban. Ban ga ta zagaya ba ma, hannun ya tafi hagu da kansa ya kwanta, kamar ƙafa a tsohon takalmi. Ta daɗe a haka. Can ta kamo nawa hannun ta sa a ciki ta danna, na ji yadda dutsen ya zurma gefe ɗaya, sumul kamar cikin ƙwarya. Ta ce ƙaramin nata ne, mahaifiyarta ta fara mata shi don ta daina damunta in tana aiki.

Ba mu samu yin shara sosai ba. Na yanke abin da ya kewaye falalen, na ɗora duwatsu uku a katanga. Ta niƙa geron da ɗan dutsen nan na ƙarƙashin gado, da hannun hagu, ita da ba bahaguwa ba, don ramin ba ya karɓar dama. Muka zuba sauran ruwan muka dunƙula gumba, ba ta fi cikin tafi biyu ba, da ƙasa-ƙasa a ciki. Ta yi addu'a ta kira sunayen mutane da yawa, da ta zo kan na mahaifiyarta sai ta ce "mai sunan wagga". Yara duk sun sauka, sai jikokin Tsoho Jaɓɓi da muka tarar a ƙofa, ashe shi ya ƙi tafiya yana jiranmu. Su muka ba sadakar. Ya gutsura shi ma, ya ce gishiri bai ji ba. A hanyar sauka sau uku ta sa ni na maimaita mata hanyar, kuma da muka iso Baba ya tambayi abin da ya tsayar da mu, sai ta ce gwiwa ce.

Ba ta ƙara hawa ba. Shekara biyu bayan nan ta rasu. Ni na ci gaba da zuwa da tsintsiyata, har Baba ya fara bina yana gyara katanga, har aka yi min aure. Daga baya daji ya lalace. Aka fara tare mutane a gona, aka kwashe shanun maƙwabtanmu, ranar shara ta zo ta wuce ba wanda ya ce uffan. Yanzu an ce masu bindiga ne suke kwana a cikin ganuwar, suna leƙen hanya ta ramukan nan da na sa ido. Mu kuma muna Gummi a ɗakin haya, maigidana yana gyaran injin ban-ruwa. 'Ya'yana biyu, kuma ni mai tsoro ce, ban ɓoye ba. Ko ƙasa na ga ƙaramin ya kai baki sai in tuna yaran garin Sunke da gubar dalmar cikin ƙasa ta kashe, in fizge hannunsa. In babbar ta yi jinkiri daga Islamiyya, ina bakin ƙofa.

Kwanan baya maigidan ya nuna mana wani gari a wayarsa, ya ce a ƙasar Sifaniya yake. Gari ne a kan dutse, da ganuwa da ƙofa ɗaya da 'yan ramukan leƙe, kamar namu, sai dai nasu da rufi da furanni. Shi ginin yake yabawa. Ni kuwa wata mata nake kallo tana hawa da ɗiyarta, yarinyar ta yi gaba da gudu, uwar ko waiwaye ba ta yi. Ɗiyata, mai sunan Kaka, wadda nake ce wa Ummi, ta ce, "Inna, mu ba mu da irin wanga?" Na ce muna da shi.

Tun ranar, in na gama wanki, nakan jera tsakuwa a tsakar gida. Wannan ƙofa, wannan Randa, wannan kuka. Ummi ta mayar da shi waƙar gaɗa, tana tafi tana faɗa, wani lokaci ta kai kuka ta yi dama don ta ga na ɓata rai, in ce mata hagu. Ni ma akwai ranar da nake tsayawa ina tambayar kaina, taki tara ne ko bakwai, kuma ba wanda zan tambaya. Ɗan dutsen Kaka yana ƙarƙashin gadona. Ko yau aka ce hanya ta buɗe, ban san ko zan iya sakin hannun yarinyar nan a kan dutse ba, amma na san zan kai ta. Hanyar dai ta iya ta a baki. Saura hannunta ya shiga ramin.